Hannun Da Ya Zuba Giya Ma Yana Da Alhaki

A jihar Kalifoniya ta Amurka, tun daga shekarar 2022 doka ta wajabta wa duk mai zuba wa mutane giya a mashaya ya yi kwas, ya ci jarrabawa. Ana koya masa ya gane wanda ya bugu don ya daina ƙara masa, ya kuma duba katin shaida kada ya sayar wa wanda bai kai shekara 21 ba. A jihohi da dama na ƙasar, in mashayi ya fita ya take wani da mota, ana iya maka mai mashayar a kotu.

Wato su kansu masu halatta giya sun yarda cewa mai zubawa yana da kaso a ɓarnar. Musulunci ya riga su da ƙarni goma sha huɗu. Mutum goma Manzon Allah (S) ya la'anta a kan giya, har da mai ɗauko ta, mai shayar da ita da mai cin kuɗinta. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce giya ta kashe mutum miliyan 2.6 a 2019, a 2023 kuma ta ce babu adadin da za a sha a tsira lafiya. To wane kwas ne zai koyar da ba da guba daidai gwargwado?

A Kano an ƙaddamar da Shari'a a 2000, aka kafa dokar hana giya a 2004. Hisba ta fasa kwalabe 240,000 a 2013, kusan miliyan huɗu a 2022. Madalla. Amma kullum tirelar da aka tare a hanya ake nuna wa jama'a. Nassarawa GRA fa, unguwar Gidan Gwamnati da manyan otal-otal? Wa ke tambayar abin da ake kai wa manya bayan dogayen katangu? Mai ɗaukar tiren kuwa ɗan talaka ne, wanda rashin aiki ya kai shi can.

Dokar da ke tsoron babbar riga ba ta cika doka ba. Wajibi ne mahukunta su fara da maƙwabtansu. Masu otal su daina tilasta wa ma'aikaci zaɓi tsakanin albashinsa da addininsa. Attajirai kuma su buɗe wa matasan nan hanyar koyon sana'ar halal, domin wanda aka ce ya ajiye tire, sai an ba shi abin riƙewa.

Allah Ya ganar da mu.