Wa Ya Ba Su Sunan Da Suke Sayarwa?

Mun gaji da jin "ai sana'a ce." Duk ranar da aka kama wani tauraro yana tallata abin da zai cuci jama'a, amsar ke nan. Da safe su ce su masu faɗakarwa ne, da yamma a gan su suna yi wa 'yan damfara kirari. Wace irin faɗakarwa ce wannan?

Jama'a, ku kuka ba su sunan nan. Mai adaidaita sahun da ya tsakuri kuɗin mai ya sayi data, da yarinyar da ke suyar awara a bakin titi tana leƙen wayar yayanta, su ne miliyoyin mabiyan da ake taƙama da su. Da me aka saka musu? Da tallan man bilicin, da maganin da ba shi da lambar NAFDAC, da cacar waya, da kamfanonin "zuba dubu goma ka kwashi ashirin." Ranar da kamfani ya yi layar zana da kuɗin mutane, sai a goge bidiyo, a yi gum. Ba haƙuri, ba kunya.

Kada wani ya ce suna ba ya gyara ƙasa. A 2005, da Kwaddebuwa ta samu gurbin zuwa gasar cin kofin duniya, Didier Drogba da abokan wasansa sun durƙusa gaban kyamara a Sudan, suka roƙi masu yaƙin basasar ƙasarsu su ajiye makamai. A 2007 ya sa aka kai wasansu da Madagaska birnin Bouaké, cibiyar 'yan tawaye. Sadio Mané ya gina asibiti da makaranta a ƙauyensu Bambali da ke Sanagal. A nan gida, Ɗanmaraya Jos da ɗan kuntiginsa ya sa duniya ta dubi karen mota da idon mutunci.

To namu na yau fa? UNICEF ta ce yara sama da miliyan 10 ba sa zuwa makaranta a Najeriya, kuma mafi yawansu 'ya'yan Arewa ne. Kodin ya daɗe yana cin matasan Kano da Jigawa, sai da BBC ta fallasa cinikinsa a 2018 sannan gwamnati ta hana. Waƙa nawa aka yi wa waɗannan yaran? Waƙa nawa aka yi wa 'yan takara? Ku ƙirga da kanku.

Zaɓe na ƙaratowa sai murya ta buɗe. Wanda ya kasa cewa uffan da aka kwashe mutanen ƙauye zuwa daji, shi ne zai kwana a situdiyo yana wasa mai gidansa saboda mukullin mota da kujerar Makka.

Ko sadakar ma ta zama shirin fim. Za a miƙa wa bazawara mai marayu ƙullin shinkafa, an kafa mata waya a fuska, tana jan mayafi tana sunkuyar da kai, ana ce mata ta ɗago ta yi godiya. Ina amfanin kyautar da aka ƙwace mutuncin mai karɓarta? Tsofaffin abokan sana'arsu kuwa suna kwance a asibiti ana yi musu barar kuɗin magani, a makon da ake liƙi da bandir a wajen biki.

Akwai masu kirki a cikinsu, kuma aikinsu ne ya toshe wa sauran hanyar uzuri.

Saura mu. Mu daina tafa wa wanda ya sayar da mu. Duk wanda ya tallata guba ko damfara, mu tambaye shi a fili, mu daina bin sa, mu hana 'ya'yanmu koyi da shi. Suna amana ce ta jama'a, kuma wanda ya ci amana ba ya da haƙƙin a ci gaba da damƙa masa ita.