Kafin Kano ta sayi na'urar haska kaya, a fara duba mazubin ayon

Tun da aka ƙaddamar da tashar jiragen ruwa ta kan tudu ta Dala da ke Zawaciki a watan Janairun 2023, hankalin jama'a ya fi karkata ga kwantenoni da layin dogo da kuɗin fito. Akwai wata tambaya da ba a cika yi ba: da wace na'ura za a riƙa sanin abin da ke cikin kaya ba tare da an buɗe su ba? Tambayar ta shafi masana'antun Sharaɗa da Challawa da Bompai su ma, domin duk kamfanin da ke son sayar da kayansa a waje dole ya iya auna su. Idan lokacin sayen irin waɗannan na'urori ya zo, ya kamata Kano ta fifita wadda ake kashewa da makunni a kan wadda ke ɗauke da sinadari mai fitar da tururin nukiliya dare da rana. Kuma ingancin wadda ake kashewar ya rataya ne a kan wani ɗan sashe da ake kira mazubin ayon.

Mene ne ayon, kuma ina ruwan mai waya da shi?

Ayon ƙwayar zarra ce da ta rasa lantarkinta ɗaya ko fiye, ko ta samu ƙari, saboda haka ta zama mai caji. Da zarar ta samu caji, ana iya tura ta da ƙarfin wuta kamar yadda ake harba dutse da gwafa. Wayar da ke hannun mai karatu ta bi ta wannan hanya: wajen ƙera guntun kwakwalwarta, ana harba ayon na boron ko fosforas cikin silikon domin a samar da transista. Mazubin ayon shi ne akwatin da ake samar da waɗannan ƙwayoyi kafin a harba su.

A na'urar samar da niyutron, iskar da ake sakawa ita ce diyuteriyam, wato haidirojin mai nauyi. Mazubin yana mayar da iskar filasma, sai a ja ayon ɗin da ƙarfin wuta kimanin bolt 100,000, a buga su a jikin faifan taitaniyam da ya sha tiritiyam. Idan ƙwayoyin biyu suka haɗe, niyutron mai ƙarfin MeV 14 yana fita. Idan diyuteriyam ne ya bugi ɗan'uwansa, ƙarfin yana tsayawa a wajen MeV 2.5, kuma yawan niyutron ɗin ya ragu sosai. Duk wannan yana iya faruwa a cikin bututun da bai kai tsawon taɓarya ba. Motar Curiosity da ta sauka a duniyar Mars a 2012 tana ɗauke da irinsa, ƙirar Rasha, domin neman alamun ruwa a ƙarƙashin ƙasa.

Amfaninsa a tasha a fili yake. Hoton X-ray yana nuna siffar abu da kaurinsa. Niyutron kuwa yana shiga cikin kayan ya sa ƙwayoyinsu su fitar da hasken gama, kuma kowane sinadari da irin nasa. Ta haka ake sanin yawan kabon da naitirojin da oksijin, har a bambance buhun sukari da abin fashewa ko ƙwaya. An gwada wannan a kan kwantenoni a tashar Rijeka ta ƙasar Kuroshiya ƙarƙashin shirin EURITRACK na Tarayyar Turai. Kamfanonin siminti a ƙasashe da dama ma suna auna dutsen da ke tafiya a kan bel da niyutron.

Dalilin fifita makunni

Tsohuwar hanyar samun niyutron ita ce a haɗa amerisiyam da beriliyam a rufe a cikin ɗan ƙarfe. Ba ya buƙatar wuta, ba ya lalacewa da wuri, shi ya sa ake son sa. Matsalarsa ita ce ba ya kashewa. Amerisiyam 241 yana ɗaukar shekara 432 kafin rabin ƙarfinsa ya tafi. Sisiyam 137, da ake amfani da shi a ma'aunan masana'antu, shekara 30 yake ɗauka.

Duk wanda ya san Sharaɗa da Bompai ya san kamfanoni da yawa sun rufe, musamman masaƙu, kuma ya san inda tsofaffin injuna suke ƙarewa: hannun 'yan gwangwan. A 1987, a birnin Goiânia na Brazil, wasu masu tsintar ƙarfe sun ɗauko wata na'ura daga asibitin da aka bari, suka fasa ta, suka sayar wa mai gwangwan. Sisiyam ne a ciki. Mutum 4 suka mutu, kimanin 250 suka gurɓata, sai da aka auna fiye da mutum 100,000. A garin da sana'ar jari bola ke ciyar da dubban matasa, wannan labari gargaɗi ne. Rigakafi ya fi magani. Na'urar da ke aiki da mazubin ayon tana daina fitar da niyutron da zarar an cire wuta.

Inda bambancin yake

Na'urorin ba ɗaya suke ba, kuma mai saye da bai san wannan ba zai biya kuɗin doki a ba shi jaki. Mazubi iri biyu ne suka fi yawa.

Na farko shi ne samfurin Penning, mai sunan Frans Penning na kamfanin Philips. Maganaɗisu da ƙarfin wuta ne ke tsare lantarki suna kai da komo har su bugi iskar. Yana da sauƙin ƙira, ba ya cin wuta, yana jure zafi da jijjiga, shi ya sa ake zura shi cikin rijiyoyin mai. Rauninsa shi ne yawancin ayon da yake fitarwa tagwaye ne, ƙwaya biyu a manne. Idan aka harba tagwaye da bolt 100,000, kowace ƙwaya rabin ƙarfin take samu, alhali haɗuwar diyuteriyam da tiritiyam ta fi kyau a kusa da cikakken ƙarfin. Sakamakon shi ne niyutron kaɗan a kan wuta iri ɗaya.

Na biyu yana kunna filasma da igiyar rediyo, galibi a kan megahaz 13.56. Ɗakin binciken Berkeley na Amurka ya yi fice wajen inganta shi. Mafi yawan ayon ɗinsa ƙwaya ɗaiɗai ne, saboda haka niyutron ɗinsa ya fi yawa. Sai dai yana cin wuta, yana buƙatar sanyaya, kuma kayan lantarkinsa sun fi yawa.

Wanne ya dace da Kano? Ga kamfanin da ke aiki da janareta, a cikin zafin Afrilu da ƙurar hunturu, kuma kayan gyara sai an yi odarsu daga waje, Penning ya fi hankali ko da ya fi jinkirin aunawa. Samfurin rediyo ya dace da wurin da layin kwantena yake da tsawo kuma wuta ta tabbata. Tashar sola mai megawat 10 da aka buɗe a Challawa a 2023 ta nuna ana iya tanadar wa yankin wuta, amma sola kaɗai ba ta isa ba sai da batura da na'urar daidaita wuta.

Abin da masu suka za su ce

Za su ce da tsada, kuma gaskiya ne. Bututun yana da iyakar awoyin aiki, domin faifan yana cinyewa, ɓurɓushin ƙarfe kuma yana manne wa bangon har wuta ta fara tsallake. Za su ce tiritiyam ma sinadarin nukiliya ne. Haka ne, sai dai rabin ƙarfinsa yana tafiya a shekara 12, kuma tururinsa ba ya ratsa fatar mutum. Haɗarinsa sai an fasa bututun an shaƙa. Lokacin da na'urar ke aiki kuma tana buƙatar katanga mai kauri da lasisin hukumar NNRA. Ba kowane aiki ne nata ba: auna kuromiyam a ruwan majemun Challawa yana da hanyoyi masu araha a ɗakin gwaji. Amma idan aka auna kuɗin sauya bututu da kuɗin gadin sinadarin da zai wuce jikokin jikoki yana aiki, sauya bututu ya fi sauƙi.

Ilimin kuma yana kusa. Cibiyar CERT ta Jami'ar Ahmadu Bello da ke Zariya tana gudanar da ƙaramin injin binciken nukiliya, NIRR-1, tun 2004, kuma masananta sun daɗe suna auna sinadarai da niyutron. Abin da ya rage shi ne Jami'ar Bayero da ta Wudil da Kwalejin Fasaha ta Kano su haɗa kai da ita wajen horar da masu kula da na'urorin. Babban ɓangare na aikin manhaja ne: daidaita iskar da ke shiga mazubi, lura da zafi, kashe wuta idan an buɗe ƙofa, da fassara hasken gama zuwa sunan sinadari. Matashin da ya iya Python da Arduino ya riga ya kama hanya, muddin ya san cewa bolt 100,000 ba abin gwaji a ɗaki ba ne.

Saboda haka duk jami'i ko mai kamfanin da dillali ya kawo wa takardar farashi, ya tambayi abu huɗu kafin ya sa hannu: wane irin mazubin ayon ne a ciki, awa nawa bututun zai yi, wa zai karɓi tsohon idan ya ƙare, kuma 'yan Kano nawa za a koya wa gyara da manhajar. Dillalin da ya kasa amsa su a rubuce, a nemi wani.