Kujerar Sanata Ba Gadon Gwamna Ba Ce

Duk mai cewa zaɓen cike gurbi asarar kuɗi ce, gara a bar gwamna ya naɗa wanda yake so, to ya dubi jihar Illinois ta Amurka.

Da Obama ya ci zaɓen shugaban ƙasa a 2008, kujerarsa ta Sanata ta zama ba kowa, dokar jihar kuma ta ba Gwamna Rod Blagojevich ikon cike ta shi kaɗai. Sai ya ɗauke ta tamkar haja. Jami'an FBI suka naɗi muryarsa a waya yana neman abin da zai samu, suka kama shi a gidansa ranar 9 ga Disamba. Amma jama'a, ko kunya babu! Bayan sati uku ya naɗa Roland Burris. Sanatoci suka yi ta kumfar baki ba za su karɓe shi ba, ƙarshe suka rantsar da shi a Janairun 2009, domin doka na tare da gwamnan. An tsige Blagojevich a wannan watan, amma Burris ya ci gaba da zama; a 2011 aka yanke wa Blagojevich shekara 14.

Ni dai ina ganin a nan dokarmu ta fi tasu: kujera ta faɗi, INEC ta shirya zaɓe. Na san akwai maguɗi. To amma gwamnan da sashe na 308 ya hana a gurfanar da shi, shi za a ƙara wa wuƙa da nama? Haba!