Turba, Tsidau da Tsohon Keke: Ƙungiyar Mahaya da Ta Dace da Kutama

Da sanyin safiya, kafin rana ta ɗaga, turbobin da ke haɗa Kutama da ƙauyukan kewayenta a ƙaramar hukumar Gwarzo sukan cika da mahaya keke. Wani ya ɗaure buhun masara a kariya, wani jarkokin ruwa biyu, wani kuma ɗansa ya goyo zai kai shi makaranta. Sukan kutsa yashi, su gangara kwari, su kauce wa saiwar kuka, su haura tudun marmara ba tare da ƙafa ta taɓa ƙasa ba. Babu mai tafa musu, su ma ba su ɗauki abin a bakin komai ba. Amma wannan gwaninta ta sarrafa keke inda babu kwalta ita ce wasan da duniya ke kira hawan keken dutse, wanda ya shiga gasar Olamfik a birnin Atlanta a 1996, kuma yake da ƙungiyoyi a ƙananan garuruwa da manya.

In matasan wannan yanki, daga Kutama zuwa Getso, daga Gwarzo zuwa Garo a ƙasar Kabo, suka ɗaura niyyar kafa irin wannan ƙungiya, wace siffa ya kamata ta ɗauka? Hoton da ke fara zuwa zuciya shi ne wanda ake gani a Instagram: keken da kuɗinsa ya fi na babur, matsattsun tufafi, tabarau mai ƙyalli. Ƙungiyar da aka gina a kan wannan hoto ba za ta ga damina biyu ba, domin za ta zama ta 'ya'yan masu hali su biyar, ranar da suka koma birni kuma ta watse. Wadda za ta rayu ita ce wadda ta fara da tsohon keke, da akwatin kayan gyara, da fartanya.

Tarihin wasan kansa yana goyon bayan wannan ra'ayi. A tsakiyar shekarun 1970, a gundumar Marin da ke jihar Kalifoniya ta Amurka, wasu samari suka riƙa tsinto tsofaffin kekunan Schwinn masu kaurin taya, ƙirar shekarun 1930 da 1940, waɗanda mutane suka yasar. Sukan gyara su da hannunsu, su tura su saman tudu, su gangaro a guje ta hanyar ƙasa. A watan Oktoba na 1976 suka fara wani tsere da aka laƙaba wa suna Repack, a gangaren da tsawonsa ya ɗan haura kilomita uku. Sunan ya samo asali ne daga wahalar birki: kafin mutum ya iso ƙasa giris ɗin cikinsa ya ƙone, dole a kwance shi a sake cusa wani. Wato gyara ne ya raɗa wa tseren suna. Daga cikin samarin nan akwai Joe Breeze, wanda ya ƙera keken farko da aka yi musamman don wannan hawa a 1977, da Gary Fisher da Charlie Kelly. Sai a 1981 kamfanin Specialized ya fito da Stumpjumper, aka fara sayar da irin wannan keke da yawa a kantuna. Kasuwa da tsada daga baya suka zo. Abin da ya riga su shi ne 'yan unguwa ɗaya masu maiƙo a hannu.

Darasi na biyu daga can ya fi na farko amfani ga Kutama. Da mahaya suka yawaita, sai rigima ta tashi tsakaninsu da masu tafiya a ƙasa da mahaya dawaki, hukumomi suka fara rufe musu hanyoyi. A 1988 wasu ƙungiyoyin Kalifoniya suka haɗu suka kafa ƙungiyar IMBA, suka kuma shimfiɗa wa kansu ƙa'idoji: kada a bi hanyar da aka hana, a ba mai tafiya a ƙasa da mai doki wuri, kada a firgita dabba, kada a bar ɓarna a baya. Tun daga lokacin, babban aikin ƙananan ƙungiyoyin wannan wasa shi ne fitowa da shebur da diga a gyara hanyar da ake bi. Bahaushe yana da sunan wannan tun kafin a ƙera keke, aikin gayya.

Za a iya cewa ai wannan labarin Amurka ne. To, ga na kusa. A 2005 Tom Ritchey, ɗaya daga cikin maƙeran farko na keken dutse, ya ziyarci Ruwanda, ya tarar da manoma suna jigilar kaya a kan kekunan katako a tsakanin tsaunuka. Daga wannan ziyara aka ƙera keke mai doguwar kariya don manoman kofi, aka kuma shirya tsere a 2006. Wani matashi mai suna Adrien Niyonshuti ya yi fice a wurin, bayan shekara shida kuma shi ne ya riƙe tutar ƙasarsa a Olamfik na Landan, ya fafata a tseren keken dutse. A watan Satumba na 2025 Kigali ta karɓi baƙuncin gasar tseren keke ta duniya, karo na farko a Afirka. Abin lura a nan shi ne keken noma da keken gasa tare suka taso, ɗaya bai raina ɗaya ba.

A ƙasar Kano raini shi ne babbar matsalar. Akwai zamanin da keken Raleigh ya kasance abin alfahari, ana yi masa kirari da dokin ƙarfe, malamin makaranta da ma'aikacin gona da ɗan kasuwa duk shi suke hawa, har kamfanin ya kafa masana'anta a Kano. Yara sukan tara 'yan kwabbansu su karɓi keken haya na 'yan mintuna, su dawo da gwiwa a ƙuje. Da babura masu araha suka cika kasuwa, sai keke ya koma alamar wanda bai samu ba. Saurayi ya gwammace ya ci bashi ya hau acaɓa da a gan shi yana tuƙa keke zuwa zance. Lokacin da ministan sufuri Ojo Maduekwe ya yi kiran a koma wa keke a farkon shekarun 2000, dariya aka yi masa. Janye tallafin man fetur a ranar 29 ga Mayu, 2023, wanda ya ninka farashin lita kusan sau uku cikin 'yan kwanaki, ya mayar da mutane da yawa kan keke, sai dai sun koma ne da sunkuyar da kai, kamar wanda aka kama da laifi.

Nan ne ƙungiya take da aikin da gwamnati ba za ta iya ba. Hausawa sun san hawa don nishaɗi: kilisa al'ada ce mai daraja, ba a tambayar mai doki ina za shi da yamma. Ranar da malamin asibiti, da shugaban makarantar sakandare, da ɗan kasuwar hatsi, da yaron mai faci suka jeru a kan kekuna da safiyar Asabar, kowa ya san biyu daga cikinsu suna da mota a gida, ranar ce ma'anar keke za ta fara sauyawa a idon yaran da ke kallo daga bakin hanya. Masu ilimin da suka fito daga wannan yanki suke aiki a Kano ko Abuja suna da rawar takawa a nan, kuma rawar ba ta aiko da kuɗi kaɗai ba ce. Hawansu ya fi gudummawarsu tasiri, musamman ga waɗanda likita ya riga ya yi wa maganar hawan jini da ciwon suga.

Akwai masu cewa ai babu tsaunuka a Gwarzo, sai a tafi Riruwai can kudancin jihar. Gaskiya ne ƙasar yammacin Kano shimfiɗaɗɗiya ce, sai 'yan duwatsu jefi-jefi. Amma abin da ke gwada mahayi shi ne yanayin ƙasar da tayarsa ke takawa: yashin jigawa da ke riƙe taya, tsakuwar marmara da ke zamewa, taɓon fadama, kwazazzabon da ruwa ya yanka a tsakiyar hanya. Duk waɗannan akwai su a wadace. Ga kuma tsidau, wannan 'yar ƙaya mai kaifi da ke kwance a ƙasa, wadda kan sa mahayi ya sauka faci sau biyu a tafiya ɗaya.

Saboda tsidau ɗin nan, mutum mafi muhimmanci a ƙungiyar shi ne mai gyaran keke na bakin kasuwa. Ya kamata a ba shi kujera a cikin shugabanni, a kuma biya shi ya koya wa yara sana'arsa: yadda ake gano huji da kwanon ruwa, yadda ake ɗaure sarƙa, yadda ake miƙar da ƙafar keken da ta karkace, yadda ake saita birki. Yaron da ya iya waɗannan ya sami abin yi ko da bai taɓa cin tsere ba. Kekunan kuwa, na gwanjo masu kaurin taya da ake shigowa da su kasuwannin Kano sun isa a fara, tsohon Phoenix na gida ma yana da wurinsa. Adashin mako-mako zai iya fitar da keke ɗaya bayan ɗaya, wani kaso kuma ya tafi asusun taya da hular kwano. Hular nan kada a yi wasa da ita, ko da za a yi wa mai sanya ta ba'a a makon farko, domin kan da ya bugi marmara ba a yi masa faci.

Sai maganar turba, wadda ita ce zuciyar al'amarin. Kowace damina ruwa yakan ci hanyoyin ƙauye, ramin da ya fara kamar tafin hannu ya zama kwari cikin 'yan shekaru, har amalanke ta kasa wucewa, mai naƙuda ta kwana a hanya. Mahaya ashirin da ke bin turba ɗaya kowane mako su ne za su fara ganin inda zaizaya ta kama. In suka ware rana ɗaya a wata suka fito da buhunan yashi da duwatsu, suka karkatar da ruwa, suka dasa jema a gefen gangare, sun biya kuɗin hanyar da suke mora, kuma sun sayi yardar gari. Manomin da ya ga an gyara masa hanyar kai taki ba zai tare su da sanda ba.

Yardar nan tana da sharuɗɗa. Turba a ƙasar Hausa tana da masu ita. Wata ta ratsa tsakanin gonaki biyu, wata burtali ce da makiyaya ke kora shanu, wata kuma ta bi ta bayan gidaje inda mata ke sussuka. Gungun samari da suka keto a guje suka tarwatsa garke, ko suka taka gyaɗar wani, za su iya tayar da fitinar da ta fi ƙarfin wasa, a yankin da maganar gona da kiwo ba ta buƙatar ƙarin wuta. Don haka kafin a hau keke a je gaban mai unguwa da dagaci, a faɗa musu hanyoyin da za a bi da ranakun. A sauka in an haɗu da shanu, a gaishe da dattijo, a bar cikin gona har sai an kawar da amfani. Maganar tsaro ma ba ta ɓoyuwa: Gwarzo tana iyaka da jihar Katsina, kuma hare-haren 'yan bindiga sun taɓa ƙauyukan Shanono da Tsanyawa. Hawa da rana, cikin jama'a, a hanyar da aka sanar da 'yan sintiri, shi ne iyakar hankali.

Wata tambaya da ƙungiyar ba za ta iya kauce mata ba ita ce ta 'yan mata. Yarinya takan hau keke tana ƙarama, da ta fara girma sai a ce ta sauka, ko da makarantar sakandaren da za ta je tana da nisan tafiyar sa'a guda. A jihar Bihar ta Indiya, gwamnati ta fara ba 'yan matan sakandare kuɗin sayen keke a 2006, binciken masana tattalin arziki Karthik Muralidharan da Nishith Prakash kuma ya nuna shigarsu makaranta a kan kari ya ƙaru da kashi 32 cikin ɗari. Ba lallai ne ƙungiyar Kutama ta haɗa maza da mata a fita ɗaya ba, kuma iyaye ba za su yarda ba. Amma za ta iya gyara kekuna goma ta ba makarantar 'yan mata aro, malama ta jagorance su, su riƙa tafiya a ayari.

Gasa kuwa za ta zo da kanta, domin samari ba sa jeruwa a kan abin hawa ba tare da wani ya ce ya fi wani ba. Ƙofar ma a buɗe take: Najeriya ba ta tura mai tseren keke Olamfik ba sai a 2024, lokacin da Ese Ukpeseraye ta je Faris, inda ta yi wani ɓangare na gasar a kan keken da tawagar Jamus ta ara mata. Ƙasar da ke da filin tseren keke a Abuja tun 2003 ba ta rasa gine-gine ba, ƙananan ƙungiyoyin da ke tace yara daga tushe ne suka yi mata ƙaranci.

Lokacin da ya fi dacewa a yi tseren farko shi ne bayan kaka, tsakanin Disamba da Janairu, sa'ad da aka kwashe dawa, gonaki suka zama fili, ƙasa ta bushe, sanyin hunturu kuma ya rage zafin rana. Zagaye na kilomita goma ya isa, a fara daga ƙofar makarantar firamare a dawo nan. A raba rukuni biyu, na masu keke mai giya da na masu keken gida, a kuma ƙara na uku ga duk wanda ya yarda ya yi zagayen da rabin buhun masara a kariya. Kyautar wanda ya zo na ɗaya taya biyu da famfo.