Sunayen talaka a Ingilishi

Ƴan'uwa, Hausawa sun ce suna linzami ne. Bari mu duba yadda masu magana da Ingilishi ke kiran talaka.

A shekarar 1601, an yi dokar taimakon talakawa a Ingila. A wancan zamani ana raba talakawa gida biyu. Akwai "wanda ya cancanci taimako", kamar tsoho da maraya. Akwai "wanda bai cancanta ba", wato mai lafiya da ake yi wa kallon rago. A 1834 aka sake dokar. Mai lafiya in yana son taimako, sai ya shiga gidan aiki, inda ake raba miji da matarsa. Kun gani, suna ya zama hukunci.

Daga baya, kalmar "poor", wato talaka, ta yi wa mutane nauyi a baki. Sai suka koma cewa "mabukaci", "marar galihu", ko "mai ƙaramin samu". Ƙasashe ma haka aka yi musu. A 1949, shugaban Amurka Truman ya ce "yankunan da ba su ci gaba ba". Yau ana ce wa irin Nijar "ƙasashe masu tasowa".

A ganina, suna mai daɗi ya fi zagi, don ba ya ɗora wa mutum laifin talaucinsa. Amma fa suna ba ya cika rumbu. In an sake mana suna, mu tambaya: an gina rijiya? Hatsi ya yi araha? In babu, to riga kawai aka sake wa talauci.