Waiwaye: Ranar da Aka Yi wa A-kori-kurar Kawu Kuɗi

Mu da muka tashi a Zandam a shekarun 1980 mun san kukan kowace motar garinmu tun ba ta shigo ba. Ta kawuna a-kori-kura ce, Pijo 404, daga cikin waɗanda aka riƙa haɗawa a kamfanin Peugeot na Kaduna, wanda ya fara aiki a 1975. Ita ke kai mana dawa da gyaɗa kasuwar Sara, ta dawo da gishiri da kananzir. Ita ake tasa cikin dare idan naƙuda ta yi gardama, a nufi asibitin Birnin Kudu. Agogon da ke ƙirga tafiyarta ya daɗe da tsayawa, Kawu ma cewa yake yi a tambayi hanya, ita ta san lissafin.

A ranin da ya biyo bayan cire Jigawa daga Jihar Kano a 1991, ƙarfin Kawu ya fara gazawa, motar ma haka. Tun faɗuwar darajar naira a 1986 kayan gyara suke ta hawa, sabuwar mota kuwa ta fi ƙarfin irinmu. Sai ya yanke shawarar rabuwa da ita. Mai saye wani saurayi ne daga Gwaram, wanda ya yi shekaru yana yaron mota yana tara ɗan abin hannunsa.

Abin da na fi riƙewa shi ne yadda aka buɗe cinikin. An shimfiɗa tabarma a gindin durumi, ga dillali, ga dattawa biyu, ga bakaniken da Kawu da kansa ya aika Birnin Kudu aka kira. Tun ba a ambaci kuɗi ba ya dubi saurayin ya ce, "Ɗana, saurara da kyau. Tana shan baƙin mai, ringinta ya mutu. Giya ta biyu tana fita da kanta a hawa. Lagireto yana yoyo. Ta taɓa faɗawa rami a hanyar Basirka, sai da aka yi wa ƙasanta walda." Yaron ya sunkuyar da kai ya ce, "Na ji, Baba." Kowa ya sayi rariya ya san za ta zubar da ruwa, amma haƙƙinsa ne a gaya masa rariya ce.

Mu dubi yadda muke yi yanzu. Hoto uku a WhatsApp ko Facebook, sabon fenti yana ƙyalli, an zuba baƙin mai mai kauri don hayaƙi ya lafa na 'yan kwanaki. Motar Kwatano da ta gama zagaye Turai, a sa mata kwamfuta a mayar da lissafin tafiyarta baya. Cinikin biri a sama ke nan, alhali malamanmu sun karantar da mu tun muna yara cewa wanda aka ɓoye wa aibi yana da damar mayar da kaya.

A cinikin Kawu kuwa, bakaniken nan bai yarda a tayar da motar kafin ya iso ba, domin inji mai sanyi ba ya ɓoye ciwonsa. Da ta tashi, ya koma baya ya tsura wa salansa ido, ya ga hayaƙi shuɗi-shuɗi, ya gyaɗa kai. Ya ɗora bakin sukundireba a jikin inji, ya kanga kunne a ƙotarsa kamar likita. Ya kwance fulogi ya duba baƙinsu, ya murza mai tsakanin yatsu, ya kwanta a ƙasa yana ƙwanƙwasa ƙarfe yana neman tsatsa. Sai da ya wanke hannu aka shiga lissafi.

An fara da abin da irinta mai lafiya take yi a Kano. Daga ciki aka cire kuɗin ringi da lagireto da gyaran giya a farashin kasuwar Ƙofar Ruwa, da ladan bakanike. Dillali ya ce a cire na kwanakin da za ta yi a gareji ba ta shigo da ko kwabo ba, dattawa suka ce gaskiya ne. Sannan aka duba abin da za ta yi idan aka ɓaɓɓalle ta aka sayar da inji daban, bodi daban, domin ƙasa da wannan mai mota ne ya cutu. Tsakanin waɗannan biyu aka bar su su daidaita.

A nan Kawu ya ɗan cije. Ya kawo zancen injin da ya sauke shekara biyar baya da kuɗin da ya kashe. Bakaniken ya ce, "Alhaji, wannan kuɗin ai hanya ta cinye shi, kai kuma ka ci moriyarsa. Tayun nan biyu sababbi su za a ƙara maka." Kawu ya yi shiru. Dukanmu muna da wannan rauni, mukan so a biya mu shaƙuwar da muka yi da abin hawa, mai saye kuwa tafiyar da ta rage a jikinta yake saye. Tun da aka cire tallafin mai a watan Mayun 2023 ma, tambayarsa ta farko ita ce yaya shan manta yake.

Yaro ya taya, Kawu ya ce albarka. Ya ƙara, aka sake cewa albarka. A na uku Kawu ya sallama, dillali ya karɓi la'adarsa, aka shafa fatiha, mu yara muka bi motar da gudu har bayan gari.

Washegari da asuba na ga Kawu yana fito da kekensa. Ya kwana yana juyi, domin ya tuna tankin yana tsatsafo idan aka cika shi, kuma bai faɗa ba. Ya ɗauke ni a baya har Gwaram. Muka tarar da saurayin yana wanke motar, Kawu ya ƙirgo kuɗin walda ya miƙa masa. Yaron ya ce, "Haba Baba, ai na yafe." Kawu ya ce, "Karɓi, ɗana. Kuma kafin a gyara, kada ka zuba mata fiye da rabin tanki."