Siliniyam: Sinadarin da Ƙasar Noma ke Rabawa

A shekarar 1935 wata cuta ta ɓulla a gundumar Keshan da ke arewa maso gabashin ƙasar Sin. Ƙananan yara da mata masu shekarun haihuwa ta fi kamawa: zuciya ta kumbura, ta kasa harba jini, wasu su yanke jiki su faɗi. An daɗe ana lalube kafin a gano cewa ƙasar noman yankin ce ba ta da isasshen siliniyam, mutanen kuma abin da suka noma kaɗai suke ci. Da aka fara ba yara ƙwayar sinadarin a shekarun 1970, sai cutar ta ja baya ƙwarai.

Abin da jiki ke nema bai taka kara ya karya ba: maikurogiram 55 a rana ga baligi bisa ma'aunin Amurka, 70 ga mai shayarwa, alhali giram ɗaya maikurogiram miliyan ne. Amma da wannan ɗan mitsitsin jiki ke ƙera sinadaran da ke kare ƙwayoyinsa daga lalacewa. Ƙullin tayirod da ke maƙogwaro, wanda kan kumbura ya zama maƙoƙo, ba ya aiki daidai sai da shi, haka ma lafiyar maniyyi.

Inda gizo ke saƙa shi ne hatsi ba ya ƙirƙirar siliniyam, abin da ya tarar a ƙasa yake tsotsa. Binciken da aka yi a Malawi da Habasha ya nuna cewa hatsi iri ɗaya kan sha bamban daga gunduma zuwa gunduma, gwargwadon yanayin ƙasa. Wannan ya shafi duk gidan da tuwon dare da kokon safe daga rumbu ɗaya suke fitowa shekara da shekaru. Finlan, mai ƙasa matalauciya a wannan fanni, ta yanke shawara a 1984 ta zuba siliniyam cikin takin zamani, kuma adadinsa a jinin jama'arta ya tashi. Auna ƙasa da hatsi yanki-yanki aiki ne da ya dace cibiyoyin binciken noma irin ta Samaru su sa a gaba.

Kafin nan, mafita tana kasuwa. Kifi, ɗanye ko banda, yana da shi da yawa, har da sadin na gwangwani. Hanta da ƙoda, waɗanda mai tsire ke yayyankawa a gefen tukuba, sun fi tsoka. Dafaffen ƙwai ɗaya na ba da kusan maikurogiram 15, fiye da rubu'in buƙatar yini. Abin takaici ne a ga uwa ta kai ƙwan kajinta kasuwa duka, yaranta na cin tuwo da miyar kuka ba ko ƙashin kifi.

Sai dai wuce gona da iri ma cuta ce. A Enshi, can ƙasar Sin ɗin, inda sinadarin ya yi yawa a ƙasa, mutane sun yi ta zubar gashi da farce a farkon shekarun 1960. Iyakar da likitocin Amurka suka sa ita ce maikurogiram 400 a rana, kuma gyaɗar Burazil, da ake tallatawa a intanet, ƙwaya ɗaya kan haura buƙatar yini guda.

Masu sayen ƙwayoyin ƙarin kuzari a kyamis su lura. Wani babban gwaji da aka fara a Amurka a 2001 kan maza sama da 35,000, don a ga ko siliniyam zai hana sankarar ƙullin da ke ƙarƙashin mafitsarar maza (prostate), an dakatar da shi a 2008 saboda bai hana komai ba. A wannan shekarar ce kuma wani maganin ƙari da aka yi kuskuren haɗawa ya jikkata mutum kusan 200 a can, da gudawa da zubar gashi. Wanda likita bai auna ya ce yana da ƙaranci ba, kuɗin kwalbar gara ya kai wa mai kifi.